Fadamar da jama'a suka haɗa: yaya ake raba amfaninta talaka bai tashi a tutar babu ba?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar ruwa da ƙasa. A ce ga fadama ko dausayi da ƙauyuka da dama ke kewaye da shi, ba na mutum ɗaya ba. Da damina ruwa ya mamaye, masunta su shiga. Ruwa ya janye, manoma su bi danshi su yi shuka. Da rani makiyaya su gangaro, mata kuma duk shekara suna yankar ciyawar saƙa, suna ɗibar yumɓu, suna kama ƙananan kifi a gaɓa. Kwatsam sai mai hali ya kawo injinan ban ruwa, ko hukuma ta ba ɗan kwangila hayar tafkin, ko a ce wurin ya zama gandun kare tsuntsaye. Ko wanne aka yi, wanda ba shi da gona ba shi da kwalekwale shi ke fara fita.

Shawara biyu ake yawan bayarwa: wasu su ce a kafa kwamiti, wasu su ce a bar wa kowa ya shiga. Wacce ke aiki? Kuma in za a tsara, da me ake farawa, a ina abin ya saba lalacewa?

Tsohon Jami'in Gona

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga kwamiti sai an san abin da ake rabawa. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce a ɗauki fadama kamar gonar tudu, a yanka ta fuloti-fuloti, a miƙa wa kowane manomi takarda. Fili ɗaya a fadama yana da masu amfani da shi uku ko huɗu cikin shekara guda, kowa da watanninsa. Ranar da aka rubuta sunan manomi shi kaɗai, an kori masunci da makiyayi da mai yankar ciyawa ba tare da an ce musu ku tashi ba.

Masu bincike biyu, Edella Schlager da Elinor Ostrom, sun rarrabe haƙƙin irin wannan wuri gida biyar a 1992: ikon shiga, ikon ɗiba, ikon tsara yadda za a yi amfani, ikon hana wani, da ikon sayarwa ko jinginarwa. Rarrabewar tana da amfani a aikace. Talaka yana buƙatar na farko da na biyu a rubuce, yana buƙatar baki a na uku, na biyar kuwa a rufe shi ga kowa. Dalili a fili yake: haƙƙin da ake iya sayarwa, shekarar yunwa ɗaya ta isa ta tattara shi a hannun mutum biyu ko uku.

Aikin farko taswira ce, kuma sau biyu ake yin ta, lokacin da ruwa ya kai maƙura da lokacin da ya ƙafe sai guraben da ba sa bushewa. A zaga da kowane rukuni shi kaɗai, masunta daban, mata daban, makiyaya daban, domin in aka haɗa su a taro ɗaya manyan gari ne za su yi magana saura su gyaɗa kai. A ɗauki lambobin wuri da wayar hannu, a kafa turakun siminti da suka ɗara alamar ambaliya mafi girma tsawo. Turke gajere ruwa zai binne shi da laka a damina biyu, gardama ta dawo sabuwa.

Sai kalandar shekara, wadda ba a ɗaure ta da kwanan wata ba, da tsayin ruwa aka ɗaure ta, don damina ba ta zuwa daidai kowace shekara. Sannan rajistar masu haƙƙi, gida-gida da irin amfanin da kowa ke yi. Sharaɗin shiga rajista ya zama amfani da wurin, kada ya zama mallakar gona a gefensa. A karanta sunayen a bainar jama'a, a ba da wata guda na ƙorafi kafin a rufe.

Inda rigima ta fi zafi shi ne wurare masu albarka, bakin mashigar ruwa da ramuka masu zurfi, don ba su kai yawan mutane ba. Maganin da aka gwada shi ne ƙuri'a da juyi. Masuntan Alanya a Turkiyya, su kusan 100, misalinsu na bakin teku ne amma dabarar tana shiga fadama. Kowane watan Satumba a rubuta sunayen masu haƙƙi da na wuraren su, a jefa ƙuri'a, kowa ya fara daga inda ya faɗo masa. Kullum kowa ya matsa wuri ɗaya gabas har Janairu, daga nan a juya yamma har Mayu. Kowa zai taɓa wuri mai kyau, kuma wanda gobe layinsa ne ba ya buƙatar a biya shi gadi, da kansa zai sa ido.

Hukunci kuma ya hau matakala: gargaɗi a karon farko, tara kaɗan a na biyu, ƙwace kayan aiki na ɗan lokaci a na uku. Tara mai nauyi tun farko ba a iya karɓarta daga mai ƙarfi, daga marar ƙarfi kawai ake karɓa.

Mai Auna Ruwa

Yallaɓai ya yi maganar wa zai shiga, ni bari in yi ta abin da za su tarar in sun shiga. Sau da yawa an raba haƙƙi daidai a takarda, ruwan ya ƙare kafin layi ya zo kan talaka.

A yi lissafi. Tafki mai faɗin hekta 5, matsakaicin zurfinsa mita 1 a farkon rani, yana riƙe da kubik mita 50,000, kowane kubik mita lita 1,000 ne. A ƙasa mai zafi rana da iska suna shanye kamar milimita 7 a yini, wato kubik mita 350. In ba a taɓa shi ba zai kai wata huɗu da ɗoriya, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa. Shanu 500, kowace ta sha lita 30, kubik mita 15 ke nan a yini. Yanzu a sa injin ban ruwa mai bakin inci 3 guda goma, kowanne yana jan kubik mita 40 a awa, awa shida kullum: 2,400 a yini. Tafkin ba zai cika mako uku ba. A taron sulhu kuwa shanun ake zagi, don su ake gani sun dama ruwa.

Saboda haka dokar da ta ce "kowa yana da ikon ɗibar ruwa" ba ta kare kowa. Mai bokiti da mai inji ikonsu ɗaya a baki, a ƙasa kuwa bambancin ninki ɗaruruwa ne. Abin da ake yi shi ne a kafa sandar awo a wuri mafi zurfi, a shafa mata fenti kala uku da kowa zai gane ko bai iya karatu ba. Ruwa yana kan kore, a ja da inji bisa juyi. Ya sauko rawaya, a rage awanni, a ja da sassafe da yamma kawai. Ya taɓa ja, a kashe inji gaba ɗaya, saura na sha ne da dabbobi da iyayen kifi. A ƙayyade yawan inji da girman bakinsa da faɗin gonar da kowa zai shayar. Kayan lambu a tsakiyar rani suna shan kubik mita 50 zuwa 70 a kowace hekta a yini, in aka haɗa da asarar kwata ya kan doshi 100, da wannan ake gane hekta nawa tafkin zai iya ɗauka. Awanni sun fi sauƙin gadi a kan lita, don ƙarar inji ba ta ɓuya.

Haka abin yake a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Injin da ke zaune a sama yana tsotsa ba ya iya ɗaga ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8. Da ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da haka, ƙananan rijiyoyin bututu sun mutu, mai kuɗi ya haƙa mai zurfi ya zura famfo ciki, ya ƙara saukar da ruwan. A riƙa auna rijiya biyu ko uku da igiya duk mako ana rubutawa, tun kafin a kai wannan matakin.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙauye, wato madatsar da ke sama. A Kamaru, madatsar Maga da jingar da aka yi wa kogin Logone a 1979 don noman shinkafa sun hana ambaliya isa babban yanki na fadamar Waza-Logone, kiwo da su suka durƙushe. A 1994 aka buɗe wata mashiga da aka toshe, ruwa ya koma kimanin murabba'in kilomita 200, ciyawa da kifi suka fara dawowa. A kogin Senegal, bayan madatsar Diama ta 1986, ruwan daɗi ya tsaya cak duk shekara, kachalla ta cinye hanyoyin ruwa da wuraren su. Fadama tana buƙatar ta cika kuma ta bushe. In akwai madatsa a sama, yarjejeniyar sakin ruwa, wane wata, nawa, kwana nawa, ita ce takarda ta farko da ya kamata ƙauyukan su haɗu su nema, kafin su ɓata ƙarfinsu a kan juna.

Uwar Ƙungiya

Malam Mai Neman Sani, shawarwarin nan biyu da ka ambata duk an gwada su a manyan wurare, kuma an ga ƙarshen kowace.

A Kambodiya, tafkin Tonle Sap tun zamanin mulkin Faransa ana yanka shi kashi-kashi ana gwanjonsa ga 'yan kasuwa. Wanda ya ci gwanjo ya girke masu gadi da makamai, mazauna bakin ruwa su zama ɓarayi a ƙofar gidansu. A 2000 zuwa 2001 gwamnati ta saki fiye da rabin waɗannan wurare ga al'umma, a 2012 ta soke sauran. Talaka ya samu shiga, wannan gaskiya ne. Sai dai ƙungiyoyin masuntan da aka miƙa wa wuraren ba su da kuɗin mai na sintiri, ba su da ikon kama kowa, masu manyan komaye da masu kashe kifi da lantarki suka kutsa. Buɗewa ba tare da doka a kan kayan aiki ba, mai babban taru aka buɗe wa.

A Bangladesh kuwa hukumar filaye ce ke ba da hayar tafkunan gwamnati, kuma manufar 2009 ta ce ƙungiyoyin masunta na gaskiya ne za su samu. Amma kuɗin haya a gaba ake biya, masunta ba su da shi. Sai attajiri ya biya da sunan ƙungiyar, su koma 'yan ƙwadagonsa a ruwan da takarda ta ce nasu ne. Hayar shekara uku kuma tana koya wa mai haya ya kwashe komai, har ya zuƙe ruwan da inji ya tsince kifin a laka, don bai san ko shi zai sake samu ba. Duk a ƙasar akwai abin koyi: a dausayin Hail Haor an ware tafkin Baikka Beel, kimanin hekta 100, ta zama mafakar kifi ta dindindin a 2003, jama'ar wurin ke gadinta, kifin da ya tsira a ciki da rani shi ke bazuwa ko'ina in ruwa ya dawo.

To in za a yi kwamiti, ga inda ake toshe ƙofofi. Kujeru a raba su bisa sana'a, ba bisa unguwa ko dangi ba, kuma kowane rukuni shi zai zaɓi nasa a taronsa. Masu ƙaramar koma kujerarsu daban da ta masu taru, don buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Mata su samu aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kuma kada a yanke hukunci sai wani adadi daga cikinsu yana zaune, in ba haka ba sunayensu ne kawai za su halarta. A sa taro a lokacin da mai aikin yini zai iya zuwa. Wa'adi shekara biyu, ba a zarce sau biyu. Mai riƙe kuɗi kada ya zama ɗan gidan shugaba, kuɗi kada ya fita sai da hannu uku, a karanta shiga da fita da baki a taron kowa sau biyu a shekara.

Kuɗin izini a ɗora shi a kan kayan aiki, ba a kan kai ba. Ƙugiya, birgi, gura kaɗan, yankar ciyawa da lauje, ɗibar yumɓu a kwando, duk abin da mutum ke yi da hannunsa don gidansa kyauta ne. Taru da inji da dumba, wato shingen kama kifi da ke tare mashiga, su ne masu biya, kuma a hana dumba rufe mashiga baki ɗaya, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku a buɗe. A yarda a biya bayan kamu. Guba da lantarki da gidan sauro a matsayin koma haramun ne ga kowa, amma a lura, gidan sauro kayan marar hali ne. In an ƙwace ba a ba shi wata hanya ba, gobe zai dawo da dare. Asusun ƙungiya ya sayo koma mai idon da doka ta yarda ya ba da bashi.

Haka ma lokacin hana kamun kifi, wata biyu zuwa uku na farkon ambaliya da kifi ke hayayyafa. Mai gona yana da abin ci a rumbu, wanda ruwa ne gonarsa ba shi da komai. Aikin yashe mashigu, saran kachalla da gadin mafaka, su ya kamata a fara ɗauka a biya su a waɗannan watanni. Ita mafakar a zaɓi rami mafi zurfi, a zuba rassan itace, a kakkafa turaku don taru ya kasa ratsawa ko da mai gadi ya yi barci. Kada a dasa ta a gaɓar da mata ke kamu don kawai su ne ba za su yi ƙara ba.

Mai Neman Sani

Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage mini. Rajistar da Yallaɓai ya ce a yi, ina makomar wanda ba mazauni ba, makiyayi mai zuwa wata uku ko masunci mai bin ruwa? Ba shi ne za a fara rufe wa ƙofa ba?

Ɗan Burtali

Tambayarka ta taɓa inda nake da ja a kan maganar Yallaɓai, tare da girmamawa. Rajista tana yi wa kamun kifi aiki, don wurin kamu ƙayyadadde ne. Kiwo ba haka yake ba. Shekarar fari garken da bai taɓa zuwa ba zai zo, shekarar albarka wanda ya saba zuwa ba zai leƙo ba. Rufaffen jerin sunaye yana mai da fadama ta mazauna, alhali baƙon nan wataƙila kakanninsa sun riga ƙauyen sanin wurin. A fadamar Logone makiyaya suna shiga ba a tambayar ƙabila ko ƙasa, kuma masu bincike sun ga garkunan suna bazuwa daidai da inda ciyawa take, ba su cinye wurin ba.

Tsakanin rufewa da sakewa akwai haƙƙin fifiko. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta amince wa makiyaya da fifiko a yankin da suka saba zama, ba tare da ikon hana wasu ba. Tsohon misali kuma yana fadamar kogin Neja ta tsakiyar Mali, inda tun daular Masina ta Seku Amadu a ƙarni na 19 aka tsara shigar garkuna makiyayar burgu, ciyawar fadama, bi da bi a ƙarƙashin jowro, wato mai kula da makiyayar: masu wuri a gaba, baƙi a baya bayan sun ba da wani abu. Tsarin ya daɗe, amma a dubi inda ya ruɓe. Abin da baƙo ke bayarwa ya tashi daga alamar girmamawa ya koma kuɗi mai yawa da ke shiga aljihun mutum ɗaya, wasu wuraren burgu kuma aka mai da su gonakin shinkafa. Wanda aka ba gadin ƙofa, in babu mai bincikarsa, ƙofar zai fara sayarwa.

Don haka a rubuta sharaɗin baƙo, kada a rubuta sunansa. Yaushe ake shiga, wato bayan an kwashe amfanin janyewar ruwa, a sanar da ranar mako biyu kafin ta zo. Ta ina ake shiga: burtali mai faɗin da garke zai wuce bai taɓa shuka ba, mita 30 zuwa 50 gwargwadon yawan dabbobi, da turaku gefe biyu, kuma ya kai har bakin ruwa. Burtalin da ya ƙare a bayan lambun wani tarko ne. Mashaya a ware ta nesa da inda ake ɗibar ruwan sha da mafakar kifi. Kuɗin shiga ƙayyadadde ne bisa girman garke, a liƙa shi a fili, a ba da rasit, ya shiga asusun kowa. Ɓarna in ta faru, mutum uku su kimanta ta cikin kwana biyu, ɗaya na manoma, ɗaya na makiyaya, ɗaya wanda duka suka yarda da shi. Bayan mako guda sawun ya ɓace, sai rantse-rantse.

Tsohon Jami'in Gona

Na karɓi gyaran Ɗan Burtali, rajistar kiwo ta sharaɗi ce. Abin da zan ƙara shi ne takarda. A ƙasashe da yawa doka ta ce ruwa da fadama na gwamnati ne, wanda ke nufin duk abin da kuka tsara, jami'i ɗaya zai iya rushe shi da sa hannu. A kai taswirar da kalandar da dokokin ga ƙaramar hukuma ta amince da su a matsayin dokarta, da sunan ƙungiya mai rajista, na shekara goma ko fiye, da sharaɗin sabuntawa muddin an kiyaye doka. A sa a ciki cewa ba za a ba wani haya ko fili a yankin ba sai an yi taron masu haƙƙi.

Wajen jayayya da hukuma akwai abin riƙewa. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, ta ƙasashen duniya a kan kare fadamu da dausayi, amfani cikin hikima ta nema, ba ta ce a kori mutane ba, don haka sanya wuri a jerinta ba hujjar hana kamun kifi ko kiwo ba ne. Ƙa'idojin mallakar ƙasa da wuraren su da dazuzzuka da aka amince da su a 2012 ƙarƙashin Kwamitin Wadatar Abinci na Duniya, da na ƙananan masunta na 2014, sun nemi gwamnatoci su mutunta haƙƙin gargajiya da na haɗaka ko da ba a rubuce yake ba. Na sa kai ne, kotu ba za ta tilasta su ba, amma masu ba da kuɗin manyan ayyuka ba sa son a nuna sun taka su. A yi kwafi uku na duk abin da aka sa wa hannu, ɗaya a hukuma, ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin wakilin makiyaya, a ɗauki hotonsa a wayoyi da yawa.